Rasuwar Doris, Talabijin ɗin Gidan Halvorson

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama mai ɗinki tara, ni Marnie Halvorson nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk masu son wasan hoki na kan ƙanƙara a garinmu Kelvern rasuwar Doris, talabijin ɗin falonmu. Ta bar duniya ranar Lahadi, kwana goma sha ɗaya ke nan, da misalin ƙarfe uku da rabi na rana, tana da shekara goma sha huɗu. Ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi, kuma ni na kashe ta. Zan yi bayanin wannan a gurbinsa, domin ba ya kyautu a fara da laifin mamaci tun ba a faɗi alherinsa ba.

Marigayiya ta shigo gidanmu ina da shekara takwas. Babanmu Wendell ne ya ɗauko ta daga Saskatoon a bayan a-kori-kurarsa, cikin tsananin sanyi, ya lulluɓe ta da bargo biyu. Ɗaya daga cikinsu na Mama ne, daga kafaɗarta ya cire. Mama Lorna ta iso gida leɓɓanta sun yi shuɗi, ta dubi abin da aka fifita a kanta, ta ce, "Sunanta Doris." Doris ƙanwar kakarmu ce, wadda ba ta taɓa yin shiru ba sai da aka rufe ta. Sunan ya zauna daram.

Halayenta na kirki suna da yawa. Ba ta taɓa makara ba. Duk Asabar, da zarar an jefa baƙin faifan da 'yan hoki suke bugawa a tsakiyar ƙanƙara, tana nan a shirye. Ita ta gaya mana lokacin da wutar daji ta nufo arewacinmu, sama ta yi ja kamar hantar barewa, muka kwana uku da jakunkuna a bakin ƙofa. Ita ta riƙa kawo mana 'yan siyasa har cikin falo domin Baba ya samu wanda zai zaga kafin abinci ya nuna. Ranar Juma'a da la'asar takan ba Mama fim na soyayya, Mama tana feren dankali tana hawaye tana cewa albasa ce, alhali babu albasa a gidan. Ni kuma da ban yi nisa a makaranta ba, kuma magana a gaban mutane take shaƙe ni, Doris ce ta koya mini yawancin abin da na sani. Idan baƙi sun zo, ita take yin hira a madadina. Ban taɓa gode mata ba.

Babban halinta shi ne haƙuri da duka. Shekarar da ƙungiyar Baba ta sha kashi a wasa na bakwai, wasan raba gardama, ya jefe ta da takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki, ya ɓalle mata kusurwar hagu. Ta yi ɗif, ta dawo, ta ba shi hasashen yanayi. Ta sha kwalbar giya sau biyu. Ta sha rimot ba adadi. Akwai ranar da alƙalin wasa ya soke ci, Baba ya miƙe da farantin naman barewa a hannunsa, Mama ta ce, "Wendell, in ka jefa farantin nan, a gareji za ka kwana da kare." Ya ajiye farantin, ya ɗauki cokali mai yatsu ya jefa. Tabon yana nan har ta mutu, wani ɗan baƙin ɗigo da yake zama a goshin duk mai karanta labarai.

Amma marigayiya tana da aibi ɗaya, kuma dole in faɗa. Tana son jini.

Yayana Colby ya girme ni da shekara biyu. Tun yana ɗan shida yake kan ƙanƙara, kuma kowa a Kelvern ya san ba shi da gudu, ba shi da hannun ci. Abin da Allah ya ba shi shi ne faɗin kafaɗa da rashin tsoro. Don haka wata ƙungiya a can Manitoba ta ɗauke shi aikin da kowace ƙungiya take da mai yinsa: idan aka taɓa ɗan wasansu mai cin ƙwallo, shi zai fita ya zubar da safar hannu, ya kama rigar mutum, su yi ta dukan fuskar juna, alƙalai na tsaye suna jira sai ɗaya ya faɗi. Baba ya jona wa Doris wani ɗan akwati domin ta riƙa kawo mana wasanninsa. Duk lokacin da muryarta ta tashi da "Sun zubar da safa! Sun zubar da safa!" Baba zai miƙe yana naushin iska. Idan an gama, sai ya zaro wuƙarsa ta aljihu ya yi zane ɗaya a gefen jikin Doris na dama. Ba na nasara kawai ba, kowane faɗa. Yakan ce ɗan Halvorson ko ya faɗi, a tsaye ya faɗi. Zanen ya kai arba'in da ɗaya. Ni ma, in faɗi gaskiya, na sha tafawa.

Da Kirsimeti Yaya Colby ya zo gida da tabarau baƙi, yana sa shi har a teburin abinci. Ya ce hasken Doris yana huda masa ido. Ya tsaya a gaban karenmu, wanda shi ya raine shi tun yana jariri, ya buɗe baki zai kira shi, sunan ya ƙi zuwa. Na gani. Ya ga na gani.

"Kar ki gaya wa Baba, Marn," ya ce.

Na ce, "Sunansa Biskit."

"Na sani mana. Gwada ki nake yi, 'yar shiru."

Likita ya riga ya gaya masa cewa kansa ya bugu sau uku, na huɗu ba a san abin da zai tafi da shi ba. Mama ta ji, ta shiga kicin ta daɗe. Baba ya ce likitocin yanzu ko atishawa ka yi sai su ce ka yi ritaya. Ni kuwa na tashi na kwashe kwanuka.

Ga yadda ajalin marigayiya ya zo. Ranar Lahadin, muna zaune mu uku, kowa a kujerarsa, domin Baba ba ya yarda a canza wurin zama idan ana wasa. A zagaye na biyu Doris ta ɗaga murya: "Sun zubar da safa!" Abokin faɗan ya fi Colby tsawo. Colby ya kai masa biyu, shi kuma ya kai masa ɗaya a ƙasan kunne. Hular kwanon Colby ta fice ta yi gefe. Ya tafi da baya kamar an sare itace, ƙeyarsa ta daki ƙanƙara, kuma Doris ta kawo mana ƙarar har cikin falo, ƙwas, kamar an fasa kabewa da gatari. Hannuwansa suka miƙe sama suka sandare. Ƙafarsa ta hagu ta yi ta rawa ita kaɗai. Jini ya fito daga ƙarƙashin kansa yana faɗi a hankali, ja a kan fari, 'yan kallo dubu biyu suna dukan gilashin da ya kewaye filin da tafin hannu.

Sai Doris ta ce, cikin muryarta ta jin daɗi, "Mu sake kallo."

Ta sake nuna mana, a hankali. Ta ce mu kalla ta wani gefen. Ta matso da fuskarsa kusa har muka ga idonsa ya juye kafin ya kai ƙasa. Ta nuna masu shebur suna kankare jininsa daga ƙanƙara domin a ci gaba da wasa. Mama ta cusa tawul a bakinta. Baba yana tsaye, fuskarsa fara fat, amma hannunsa ya riga ya shiga aljihu, domin hannu ya saba.

"Zai tashi," in ji Baba. "Kun ga biyun da ya fara ba shi? Kun gani?"

Ya buɗe wuƙar.

"Mu sake kallo sau ɗaya," in ji Doris.

Sandar hokin Colby ta farko tana rataye a bango saman marigayiya. Ban tuna lokacin da na sauko da ita ba. Na tuna bugun farko, a tsakiyar fuskarta, inda fuskar yayana take. Gilashi ya tsage kamar saƙar gizo-gizo, launuka suka tsiyaye, amma ba ta yi shiru ba, tana ta faɗin minti nawa za a zaunar da yayana a kejin hukuncin 'yan wasa. Na ƙara mata. A na uku ta faɗo daga kan teburinta, ta ja wayoyinta kamar hanji. Na taka ta da ƙafa na ci gaba. A na biyar wani guntun gilashi ya shige tafin hannuna, ban ji ba. A na bakwai ta yi wani dogon tsaki, zzzt, ta saki ɗan hayaƙi mai warin roba, ta cika. Jinina ya zuba a kan kafet, kuma babu mai sheburin da ya zo.

Baba ya dube ni da wuƙa a buɗe a hannunsa, kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Ke kin haukace ne?" Na ce, "Ba arba'in da biyu." Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi masa ido cikin ido.

Marigayiya ta rasu ta bar rimot ɗaya, wanda yanzu yake kwance a hannun kujera kamar maraya, Baba yana ɗaukarsa yana danna wa bango. Ta bar ɗan akwatin da aka jona mata, wanda nake ganin da hannunsa a laifin. Ta bar ƙanwarta, rediyon kicin, wadda Mama ta cire wa batir don kada ta bi sahu. Ta bar kujeru uku suna fuskantar inda babu kowa, da murabba'in fenti mai haske a bango. Ta bar Biskit, wanda shi kaɗai bai yi kewarta ba.

Ta kuma bar Yaya Colby da rai. Ya kwana huɗu a asibiti, yanzu yana gida, a ɗakinsa, labule a rufe. Tun da Doris ta tafi gidan ya yi tsit, har muna jin abin da take rufe mana shekara da shekaru. Muna jin sa yana amai da safe. Muna jin sa yana lalubar bango kafin ya kai bayi. Shekaranjiya kocinsu ya bugo waya, ya ce idan ya ji sauƙi kujerarsa tana nan, bas ɗin da zai mayar da shi zai tsaya a gaban gidan mai ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Baba ya wanke masa kayan wasa da hannunsa, ya shirya jakar, ya ajiye a bakin ƙofa.

"Ba wanda ya matsa masa," ya gaya wa Mama.

"To me jakar take yi a nan, Wendell? Gadi?"

Colby bai ce zai tafi ba, bai ce ba zai tafi ba.

Za a yi jana'izar marigayiya jibi Asabar, da ƙarfe goma na safe daidai, a jujin gari, ɓangaren da ake ajiye kayan lantarki, bayan tsofaffin firji. Ba za a jinkirta ba ko da minti ɗaya, kuma ba za a matso da ita baya ba. Gawar tana da nauyi, tana bukatar mutum biyu. Mama tana da ciwon baya. Baba ya ce ba zai halarci jana'izar da mai kisa take jagoranta ba. Ni hannu ɗaya gare ni.

Da safiyar nan na manna wannan sanarwa a ƙofar firjinmu kafin in kai ta allon sanarwa na filin ƙanƙara, domin ta faɗi abin da bakina ya kasa. Yaya Colby ya fito neman ruwa, ya tsaya a gabanta da tabaransa. Ya daɗe, saboda haruffa suna yi masa yawo. Ni ina bakin tukunya, na ba shi baya.

"Ƙarfe goma kika ce?"

"Goma."

"Ke muguwa ce, Marn. Shekara ashirin da biyu kina shiru, ashe kisa kike shiryawa."

Ya sha ruwansa. Ya tsallake jakar da ke bakin ƙofa ya fita gareji. Can na ji shi yana kiran Mama, yana tambaya ina aka ajiye safar hannunsa ta aiki, ta fata, wadda yake ɗaukar itace da ita, domin gilashin nan zai yanki mutum.

Saboda haka masu ɗaukar gawa su ne Marnie Halvorson a hagu, da Colby Halvorson a dama, wajen zanen. Ba a bukatar furanni. Bayan an dawo za a sha kofi da kek ɗin Mama a falo, kuma za a juya kujerun su fuskanci juna, duk wanda ya zo sai ya yi haƙuri da rashin sabonmu. Baba, an ajiye maka wuri a gaban mota idan ka sake shawara, kuma akwai sarari a kwalin marigayiya da zai ɗauki wuƙar aljihu ɗaya.

Ga masu tambaya ko za a yi wa Doris magajiya, na ji Baba yana duba farashi. Ba ni da ta cewa a kan kuɗinsa. Ina dai sanar da jama'a cewa sandar ba ta karye ba, kuma na mayar da ita wurinta a bango.