Fuskar Hakim Sab a Bangon Kalanda

Duk wanda ya ce unguwarmu a Patan ta rasa manyan mutane, to bai taɓa ganin Keshar Man Amatya yana fitowa daga gida ba. Tumbi ne ke fara leƙowa, sai kyamarar da ke zaune a kan tumbin, sannan shi kansa ya biyo baya a hankali don kada duniya ta firgita. Shekarun da ya yi a wani ofishin gwamnati yana sa hannu a takardun da bai karanta ba sun bar masa sunan Hakim Sab, wato babban jami'i, kuma ritaya ba ta isa ta ƙwace shi ba. Yaran unguwa, da ba su san darajar manya ba, Baba Ƙyas suke ce masa a bayan ido. Ni shagon magunguna gare ni daura da ƙofarsa, saboda haka kyauta nake kallon wannan girma kowace safiya.

Baiwarsa ta farko ɗaukar hoto ce. Tun da 'yarsa Anjana ta aiko masa da kyamara daga ƙasar waje, babu tattabara ko tsohuwa mai shanyar barkono da ta sake samun sakewa a unguwar.

"Ku kallo kuke yi, ni gani nake yi," in ji shi a wurin mai shayi. "Haske yana da harshensa. Mu uku ne muke jin harshen nan a duk faɗin kwarin Kathmandu, biyu sun mutu."

In ya ga wani ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, sai ya kau da kai kamar an yi tusa a gaban surukai. Ya ce hoton waya zagi ne ga haske.

Baiwa ta biyu ƙaunar dabbobi ce, kuma shaidarta na zaune a saman rufin gidansa: baƙin kare irin na kan duwatsu, mai kai kamar turmi, mai muryar da ke sa kwalaben shagona rawa. Hakim Sab ya raɗa masa suna Maharaja. Ya ce kakannin karen sun yi gadin gidajen ibada a can ƙasar ƙanƙara tun kafin a san mota. Mu dai a gabanmu ƙanin matarsa ya sauke shi daga bas a cikin kwandon albasa, amma wa ya tambaye mu. Matar, Subhadra, Kale take kiransa, kamar yadda ake kiran kowane baƙin kare a titi, kuma wannan sunan karen ke amsawa.

Sun raba aikin karen tsakaninsu da adalci. Subhadra ke dafa masa shinkafa da ƙashi, ita ke masa wanka, ita ke cire masa kaska, ita ke zagayawa da shi tun mai gida yana minshari. Shi kuma Hakim Sab ya ɗauki ɓangare mafi nauyi, wato ƙauna. Karen ba ya saukowa cikin gida saboda darduma, shi kuma ba ya taɓa shi saboda gashi na manne wa wando. Amma kullum da yamma, in haske ya yi masa magana, yakan hau matakala da kyamara manne a fuska tun daga ƙasa, wai kada wani muhimmin lokaci ya kuɓuce wa tarihi. Ya ƙyasta, ya jefa biskit. Ya sake ƙyastawa, ya sake jefawa. Sannan ya sauko da baya da baya, yana ƙyastawa har ƙofa ta rufe.

"Ni da Maharaja ba ma buƙatar magana," yakan ce mana. "Ido da ido kawai. Wannan karen zai shiga wuta saboda ni."

Kowace shekara kwamitin unguwa na buga kalanda, kuma babu shago ko ɗakin girki da ba a rataya ta. Bangonta ya taɓa ɗaukar rufin gidan ibada, ya taɓa ɗaukar tsohuwar rijiyarmu. Bana kwamiti ya yanke shawarar sa hoton wani ɗan unguwa tare da karensa, a ranar da ake karrama karnuka a bikinmu na Tihar. Shawarar ta zo wa dattawan ne kwatsam, bayan sun cinye faranti-faranti na momo, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, a falon Hakim Sab. Da aka zo zaɓen wanda ya cancanta, sai ya sunkuyar da kai ya ce ba ya son suna, amma ba zai ƙi kiran jama'a ba. A makon nan ya rina gashin baki, ya sayi sabuwar hula, ya buga wa Anjana waya ta faɗa wa duk 'yan ƙasarmu da ke can. Shekara guda cur fuskarsa za ta kalli unguwa daga kowane bango, kuma ni na san babu abin da ya taɓa so a duniya kamar wannan.

Sai wata 'yar matsala ta taso. Wa ya isa ya ɗauki hoton? Ya duba unguwa sama da ƙasa bai ga hannun da ya cancanci taɓa kyamararsa ba. Don haka ya yanke cewa kyamarar za ta zauna a kan sandarta mai ƙafa uku, ya danna mata, ta riƙa ɗauka da kanta.

Ranar ta zo da hantsi mai kyau. Kafin mu taru a dandali, karnukan titi duk sun sha ado: sarƙar furanni a wuya, jan ɗigo a goshi, ciki cike da ƙwai da madara. Har gurgun karen nan da ke kwana a bakin shagona yana tafiya kamar ango. Hakim Sab ya ba da umarni a kore su gefe, ya ce biki na kowa ne amma bangon kalanda ba na kowa ba ne.

Subhadra ta sauko da karen a sarƙa. Mai gida ya ɓullo kamar kullum, kyamara a fuska. Karen na hango shi ya hau kaɗa wutsiya, ya zauna, ya karkata kai, ya zaro harshe daidai misali. Jama'a suka yi ta sha'awa. Hakim Sab ya kafa kyamarar a kan sanda, ya yi jawabi a kan amana tsakanin ɗan Adam da dabba har shayin mutane ya huce, ya danna, sannan ya zagayo gaba da tiren furanni da jan gari da ƙwai, fuskarsa a buɗe tana sheƙi.

Wutsiyar ta tsaya. Kunnuwa suka kwanta. Wani gurnani ya taso daga can ƙasan cikin karen.

"Maharaja, ɗana," in ji Hakim Sab, yana miƙa furanni.

Ban san mai tumbi na iya tashi sama haka ba. Tire ya yi nasa wuri, jan gari ya wanke sabuwar hula da rinannen gashin baki, gefen riga ya rage a bakin karen, Hakim Sab kuwa sai ga shi a kan zakin dutsen da ke ƙofar gidan ibada, ya rungume wuyansa. Karnukan da aka kora suka dawo suka yi wa ƙwan da ya zube hidima. Kyamara kuma, baiwar Allah, tana ta ƙyas-ƙyas ɗinta, ba ta bar komai ya kuɓuce wa tarihi ba.

"Wasa yake yi," ya sanar da mu daga kan zakin. "Haka karnuka masu asali ke gaisuwa. Ku ba ku saba gani ba ne."

Ya sauko ya sake gwadawa. Wannan karon sai da maza biyu suka taya Subhadra riƙe sarƙa.

"Baban Anjana," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba, "bai san ka ba ne."

"Bai san ni ba? Wa ke ciyar da shi?"

"Aljihunka. Fuskar ce bai taɓa gani ba. Je ka ɗauko abinka ka rufe ta."

Ya tsaya yana huci, ya dube mu, ya dubi karen. Sannan ya je ya ciro kyamarar ya manna a fuska. Nan take karen ya narke, ya zauna, ya karkata kai. Ya ɗan sauke ta zuwa hanci, gurnani ya dawo. Ya mayar, wutsiya ta ci gaba da aiki. Ya sake leƙowa ta gefe da ido ɗaya, haƙora suka fito. Mata suka toshe baki da gefen mayafi, mai shayi ya durƙusa yana tari. Ni ma na yi dariya har da hawaye, amma ba zan ɓoye ba, na ji tausayinsa. Mutum ne tsaye a gaban unguwarsu, ya gano cewa amininsa na shekaru da baƙin gilashi yake abota.

Tsoho Siddhi Narsing, shugaban kwamiti, ya matso yana dogara sanda. Ya ce, "Hakim Sab, mai buga kalanda yau yake jiran hoto. Ko dai kai ba kare, ko kare ba kai. In duka sun gagara, ga gurgun karen can da mai shagon magani, sun shirya."

Jin haka Hakim Sab ya gyara tsayuwa. Manya ba sa faɗuwa, sauya dabara suke yi.

"Dama abin da na tsara ke nan," ya ce ta bayan kyamara. "Mai fasaha na gaskiya ba ya rabuwa da makaminsa. Duk wanda ya ga kyamarar nan ya ga Keshar Man Amatya."

Haka ya durƙusa gefen karen, hannu ɗaya riƙe da kyamara a fuska, ɗaya yana lalube. Da yake gilashin na matso da abin da ke nesa, sai ya ɗiga jan garin a kunnen karen, furannin kuma suka sauka a kan hanci kafin Subhadra ta gyara. Saura mai ɗauka, tunda kyamara ɗaya tilo da ta cancanta tana bakin aikin rufe fuska. Subhadra ta zaro wayarta mai tsagaggen gilashi daga ɗamara. Ya fara yi mata bayanin inda haske ke fitowa, ta ce ta gama. Ita ce kuma ta tura wa mai buga kalanda a can cikin gari, mutumin da bai taɓa taka unguwarmu ba.

Da kalanda ta iso aka shiga rabawa, Hakim Sab ya sa aka kawo ƙunshi ɗaya shagona, ya tara mutane, ya yanke igiyar da hannunsa. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Karen ya fito kamar sarki, furanni na walƙiya a baƙin gashinsa. A gefensa ga wani mutum a durƙushe, hula a sama, tumbi a ƙasa, kyamara a tsakiya. Hakim Sab ya sa tabarau ya karanta rubutun da ke ƙasan hoton da ƙarfi, da muryar jawabi, kafin ma'anar ta iso masa:

"Kale, karen Subhadra Amatya, yana karɓar gaisuwa daga wani ɗan yawon buɗe ido."

Ya juya kan Siddhi Narsing. Ya ce a tattara duka a ƙone, a sake bugawa da cikakken sunansa da muƙaminsa. Tsohon ya ɗauki kalanda ɗaya, ya rataya a ƙusar da ke saman teburina, ya ja baya ya daidaita ta.

"An riga an raba, Hakim Sab," ya ce. "Baɗi sai a gyara, in karen ya yarda ya shaide ka."