Oga Taswira Ya Gano Ƙafa

Duk wanda ya ce manyan mutane sun ƙare, bai taɓa hawa bene na uku na ofishinmu ba. Can shugaban sashen motoci yake zaune, mutumin da ko bankin da ke tsallaken titi zai je sai an taso direba. Wannan bawan Allah ne aka wayi gari ya gano cewa yana da ƙafa. Ya tara mu a ɗakin taro ya sanar da mu cewa hutunsa na bana tafiyar ƙasa ce: kwana goma, jaka a baya, daga wannan tudu zuwa wancan.

"Talaka don dole yake tafiya a ƙasa," in ji shi, yana juyi a kujerarsa mai taya. "Mai ilimi don falsafa yake yi. Kuma ko sisi ba za a ba mai mota ba."

Muka tafa, don shi ke sa hannu a takardar shan mai. Tun ranar muka laƙaba masa Oga Taswira, saboda wata ƙatuwar taswira da ya manna a bango ya sossoke ta da allurai masu jan kai.

Matarsa ce abin tausayi, don da ita za a yi tafiyar. Ma'aikaciyar jinya ce, awa goma sha biyu take yi a tsaye tsakanin gadajen marasa lafiya, kuma kwana goman nan su kaɗai ne hutunta a shekara. Yara suna makarantar kwana. Burinta bai wuce ta ɗora ƙafa a kan matashi ta yi barci har ta gaji ba.

"Baban yara, ni fa kullum cikin tafiyar nan nake," ta ce. "Don Allah ka bar ni in kwanta."

"Wannan zirga-zirga ce kike yi. Tafiya sai da tsari."

Tsari kuwa ya zuba shi. Ya ɗauko sikelin kicin ya auna komai. Ya yanke rabin mariƙin buroshin haƙori, ya raba sabulu gida huɗu, ya ciccire 'yan ƙyallayen da ke wuyan riguna, wai duk nauyi ne. Da ya gama wannan ƙoƙari sai ya saka dutsen guga, don bai kamata a ga mutum mai matsayi a kan tudu da riga a yamutse ba. Inda zai jona shi a daji, ba wanda ya isa ya tambaya. Jakar ta yi nauyi, sai ya mayar da dutsen gugar cikin ta matar, haɗe da tukunya da tanti. Ya ce bincike ya tabbatar mata sun fi juriya.

Sai takalmi. Ya zaga shago bakwai, a mota, har ya samu wanda aka karya wa farashi. Lamba arba'in da ɗaya ne, shi kuwa arba'in da uku yake sawa. Mai shagon, da yake yana da tsoron Allah, ya ce, "Yallaɓai, zai matse ka."

"Kai ciniki ka sani, ni kimiyya. Ƙafa ramewa take yi in ta sha tafiya. Kafin kwana uku sai na cusa tsumma."

Ana jibi za a tashi ya shirya atisaye: zagaya unguwa sau uku da cikakken kaya. Ya kafa malafa, ya riƙe sandar tsintsiya, ya sa matar ta ɗauke shi hoto a bakin ƙofa, ya turo mana. Ya wuce shagon aski da ƙarfinsa yana ɗaga wa mutane sanda. Wajen gidan mai ya fara ɗingishi. A bakin kantin magani ya zauna kan dakali, wai yana nazarin yanayi. Sai da mai kantin ya yanka takalmin da almakashi kafin ƙafar ta fito, aka dawo da shi gida a motar haya.

Matar ta duba. Ƙafafu sun kumbura, sun yi bororo, farcen babban yatsa ya yi baƙi. Ta wanke, ta shafa magani, ta naɗe, ta ce kwana goma kada ya taka.

Amma babban mutum ba ya faɗuwa ƙasa banza.

"Kin ga amfanin auren ma'aikaciyar jinya? Ga ki kina hutu, ba sai an je asibiti ba. Miƙo min cokali da kofi, in na kaɗa ki zo."

Ta miƙa masa. Litinin da safe ta jera masa magani da bandeji da ruwa kusa da kujera, ta zazzage jakarta a tsakar falo, ta zuba kayan barci ta goya.

"Ina za ki?"

"Hutu, Baban yara. A ƙasa zan je, kada ka damu."

Ta taka har ƙarshen layi, gidan yayarta, tafiyar minti huɗu. Ta kashe waya ta ja bargo. Shi kuwa Oga Taswira, duk tafiyar da ya yi a hutun nan daga kujera zuwa banɗaki ce, ita ma da rarrafe.