Hancin Tanimu da Kula Biyu

Ranar Talata da hantsi aka tara masu sayar da abinci na garinmu a ɗakin taron ƙaramar hukuma, domin bita kan tsaftar abinci. Ba don son karatu suka cika ɗakin ba. An sanar cewa daga cikin waɗanda suka halarta za a zaɓi wanda zai riƙa dafa wa 'yan firamare abincin rana.

A kujerar gaba, cikin babbar riga fara ƙal, Malam Tanimu mai shinkafa da wake na bakin tasha ne. Kowa ya san shi da cika baki. Tun kafin a buɗe taro ya gaya wa na kusa da shi cewa kwangila tasa ce, sauran sun zo rakiya ne kawai.

Mai koyarwa wata duba-gari ce, Malama Kubra, mace mai sanyin magana. Ta yi bayanin wanke hannu da sabulu, da raba wuƙar ɗanyen nama da ta yankan salak. Duk abin da ta faɗa sai Tanimu ya gyaɗa kai kamar shi ya koya mata. Da ta zo kan abincin da ya kwana, ta ce yana iya lalacewa ba tare da ya yi wari ba, sai ya miƙe.

"Malama, wannan kuma sai ga marasa hanci. Ni daga bakin tasha nake jin miyar da ta yi tsami a bayan kasuwa."

Baba Ladidi mai tuwo, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, ta ce ashe shi ya sa ba ya jin ta gidansa, ta yi masa kusa da yawa. Aka yi dariya. Malama Kubra ba ta yi musu ba. Ta ce ta ajiye kula biyu na dafa-duka a ɗakin ajiya, ɗaya ta yau, ɗaya ta jiya, kuma bayan Azahar za a kawo su gaban kowa, Malam Tanimu ya shinshina ya bambance. Ta ja kunne cewa shinshinawa ce kawai, ban da ci.

Da aka tashi salla, Tanimu ya yi sauri ya idar, ya sulale ɗakin ajiya. Nufinsa ya gano amsa tun da wuri. Ya buɗe ta farko ya shaƙa. Ƙamshi. Ya buɗe ta biyu ya shaƙa. Ƙamshi. Duk biyun da ɗuminsu, domin an ɗumama ta jiyan da safe. Ya cusa hanci har tururi ya jiƙa masa gashin baki, bai ji bambanci ba.

To, abin da hanci ya kasa, ai harshe ya iya. Ya ɗebi loma nan, ya ɗebi loma can. Ta hagun ta fi daɗi, mai ya ratsa ta, yaji ya zauna. Ya ce lalle wannan ce ta yau. Tunda kuma ta yau ce, ƙarin loma ɗaya ba laifi. Loma ta kira loma. Ga cinyar kaza tana leƙensa. Kafin ya farga, ya haƙa rami a kular har ana hango gindinta. Ya goge baki da hannun riga, ya koma kujerarsa yana sakace.

Malama Kubra ta sa aka kawo kulolin. Ta buɗe ta hagu, ta ga ramin da aka haƙa. Sannan ta gaya wa jama'a cewa an fasa gwajin, domin wani ya cinye rabin shinkafar jiya, wadda ta wuni ta kwana a ɗaki mai zafi ba firji. Ta ce irin wannan shinkafa tana tara dafin da ɗumame ba ya kashewa. Ta roƙi wanda ya ci ya same ta a gefe, ba wanda zai sani, a kai shi asibiti a duba shi.

Ba wanda ya fito. Tanimu ya juya yana ƙare wa na baya kallo ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai, yana cewa mutane ba su da tsoron Allah.

Aka ci gaba da karatu. Tanimu ya daina gyaɗa kai. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Cikinsa ya yi ƙululu, ya yi tari ya rufe. Baba Ladidi ta tambaye shi ko lafiya, ya ce fanka ce ba ta kaiwa gaba.

Dab da La'asar shugaban kwamitin ciyar da 'yan makaranta ya iso. Tun da safe Tanimu ya nace shi zai yi jawabin godiya, don shugaban ya san fuskarsa. Yanzu ba halin janyewa. Ya miƙe a hankali, ya riƙe teburi. Ya gode wa hukuma, ya gode wa Malama. Sai kuma ya ga ya kamata ya wanke kansa sarai. Ya ɗaga hannu sama.

"Wanda kuma ya ci wannan shinkafa ya ɓata mana suna, Allah ya tona asirinsa a gaban jama'a."

Ɗaki ya amsa da amin.

Amin ɗin ba ta sauka ba, Tanimu ya toshe baki da hannu biyu. Ya dubi ƙofa, ƙofa ta yi nisa. Sai kwaaa, a kan teburi, a gaban shugaban kwamiti, har kan takalminsa. Dafa-duka ce, da karas ɗinta da komai.

Baba Ladidi ta ja kujerarta baya, ta gyara mayafi.

"Tanimu, ashe haka bakinka yake da karɓa. Don Allah in ka samu sauƙi, ka yi mini addu'ar kujerar Makka."

Malama Kubra ta sa aka kai shi asibiti a Keke Napep, aka yi masa ƙarin ruwa. Kwangilar abincin makaranta, Baba Ladidi aka ba.