Kwamfutar Baba Ta Rasu da Kaya a Kan Gada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar mahaifinmu, laftof 'yar siririya mai ruwan toka, wadda ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a kan teburin falo, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara uku da wata biyu a hannunmu. Ni ce autar gidan, kuma ni aka ɗora wa rubuta wannan sanarwa saboda an ce ni na yi karatun kwamfuta. Sai yau na san ashe an san da haka.

Ga waɗanda ba su san matsayin marigayiya a gidanmu ba, ita ce motar Baba ta ƙarshe. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa babbar mota, kafin ciwo ya taɓa masa ɓarin hagu, likita ya ce shi da hanya sai dai a ɗauke shi. Wata takwas ya yi a kujerar falo yana kallon bango. An ce ya riƙa motsa ƙafar, ya ƙi. Wata rana na aro kwamfutar wata ƙawata, na kunna masa wasan tuƙin manyan motoci, na ɗaura sitiyarin wasa a bakin teburi, na ajiye masa feda uku a ƙasa. Ƙafar da ta ƙi jin maganar likita, da aka ce mata kuloci ne, sai ta taka. A ranar iyali suka yanke shawarar a saya masa tasa.

A nan ne tarihin marigayiya ya fara, a nan ne kuma ajalinta ya fara.

An tura Kawu, yayan Umma, domin a danginmu shi ne mai sayayya, tun daga firji har tayar keke. Na bi shi da takarda a hannu. A shagon aka ajiye mana guda biyu. Ɗaya mai kauri ce, da fanka biyu, furosesarta sabon zubi ce, kuma tana da katin hoto nata na daban. Furosesa ita ce injin kwamfuta, katin hoto kuwa shi ke ɗaukar nauyin zana titi da duwatsu da ruwan sama a wasa. A jikin wannan mai kaurin an manna lamba biyar. Ɗayar ita ce marigayiya, kyakkyawa, marar nauyi, furosesarta tsohon zubi da aka yi don ta daɗe a kan batir tana buga wasiƙu, ba ta da katin hoto na daban, amma a jikinta an manna lamba bakwai.

Na yi bayani. Na ce lambar aji ce kawai, sai an duba zubin shekara, sai an duba aikin da aka yi injin dominsa. Kawu ya saurare ni har ƙarshe, ya dubi mai shago ya yi murmushi.

"Ka ji Injiniya ko? Mun biya mata makaranta ta dawo tana ce mana biyar ta fi bakwai. Naɗe mana bakwai ɗin nan."

Mai shago ya naɗe. Ni kuma na yi shiru, domin an koya mini cewa ba a ja da kawu a gaban bare. Ina rubuta wannan ne don kada a ce na wanke kaina: shirun da na yi a ranar yana cikin abin da ya kashe ta.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da juriya, ba ta taɓa ƙin aiki ba. Wanda ya ƙera ta bai yi mana laifin komai ba. An haife ta don ofis mai sanyi, ta buɗe takarda ta rufe takarda, sai ƙaddara ta kawo ta gidan da za a ɗora mata tan talatin na katako kullum bayan azahar, a ce ta hau dutse. Kuma ta hau. Duk wanda ya zauna a falonmu ya san muryarta. Idan aka kunna ta takan ce tirin, cikin ladabi. Minti goma da shiga wasa sai ta fara fuuuu. In aka zo hawa, ko aka shiga gari mai yawan motoci, sai ta koma fuuuu-ƙirrr, fuuuu-ƙirrr, hoton ya riƙa tsalle kamar mai shaƙuwa. Baba ya koyi tuƙi da shaƙuwar. Yakan rage gudu tun kafin kwana, ya dafa gefenta ya ce, "Sannu, 'yar gari, mun kusa." Shi kaɗai ne a gidan nan ya taɓa gane cewa kuka take yi. Ya taɓa ce mini an ba shi tasi an ce ya yi dakon siminti, amma da na ce bari in gaya wa Kawu, sai ya ce in bar shi, mutum ya yi ƙoƙari.

Game da jinyarta, wajibi ne in faɗi gaskiya, ko da za a daina gaishe ni. Yayana, wanda nake bi, yakan ɗauke ta da safe ya kalli ƙwallo, ya ɗora ta a kan filo, filon ya toshe mata hancin da take shaƙar iska. Na yi magana, ya ce in dai ba ta yi ƙorafi ba ni mene ne nawa. Umma, saboda ƙauna, ta ɗinka mata mayafi mai ado don kada ƙura ta taɓa ta, takan kuma lulluɓe mata baya da shi tana tsaka da aiki. Sau huɗu na ce a kai ta a buɗe a share fankar. Sau huɗu aka ce ai tana yi, a bar ta. A gidanmu abu ba ya lalacewa sai ranar da ya mutu. Kafin ranar, duk wanda ya ce a duba shi mai neman fitina ne.

A watan jiya zazzaɓinta ya tsananta, ta fara suma a tsakiyar tafiya. Nan ne Yaya ya kawo maganinsa. Ya daskarar da ruwa a gora biyu, ya jera su a faranti, ya ɗora marar lafiya a kai. Aka taru ana yaba masa basira, har Umma ta ce ashe ba sai an je jami'a ba. Na ce gora za ta yi gumi, fanka kuma za ta ja damshin ta kai ciki. Aka ce Injiniya ta fara. Kwana tara aka yi ana wannan magani.

Ranar Talata Baba ya ɗauko katako, tafiyar awa biyu, saura kilomita goma sha biyu ya sauke. Yana kan wata doguwar gada sai marigayiya ta ce ƙirrr, ta ce tit, tit, tit, fuskarta ta yi baƙi. Wani ɗan wari ya tashi kamar an ƙona roba. Baba bai saki sitiyarin ba sai da aka jima. Abin da ya ce kawai shi ne, a shekara talatin da ɗaya bai taɓa barin kayan mutane a hanya ba.

Tun daga ranar nake karɓar gaisuwa, kuma kowa da kalma ɗaya yake zuwa: kwananta ne ya ƙare. Ina roƙon jama'a da girman Allah a daina faɗa mini haka. Na yarda kowane abu yana da ranarsa. Amma mai gyara ya buɗe cikinta a gabana, ya zaro wani curin ƙura da gashin bargo daga fankar, kamar a yi matashin kai da shi, ya nuna mini inda ruwa ya ci allon. Ya tambaye ni ko a rafi muke ajiye ta. Mun saya ba mu duba ba, mun yi amfani ba mu kula ba, sannan mun zo muna jingina wa kwana abin da muka yi da hannunmu. Haka muka yi da injin ɗinkin Umma. Haka muka yi da famfon bayan gida, shekara biyu yana ɗiga muna tara masa bokiti.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗin salatif a wuya, da linzami, wato mawus, da jakar da ba a taɓa saka ta a ciki ba. Ta bar sitiyari da feda uku, suna nan ɗaure a teburi ba mai taɓa su. Ta bar motoci goma sha ɗaya da gareji uku da Baba ya tara a cikin wasan, waɗanda mai gyara ya ce yana kyautata zaton suna nan lafiya a ma'ajiyarta, har da katakon da ke kan gada. Ta bar lambar bakwai a manne a ƙirjinta, tana sheƙi, ko ƙwarzane babu. Sannan ta bar dattijo ɗaya da ya koma kujerarsa ta da. Kwana uku ke nan ƙafar hagun ba ta taka komai ba, jiya kuma sai da aka riƙe shi ya tashi. Wannan shi ne abin da ya hana ni rubuta sanarwa mai sanyi.

Labari ya iso ni cewa Kawu ya riga ya zagaya kasuwa, ya kira Umma yana murna, wai a kwantar da hankali, ya samo mai lamba tara. Na tambayi wane zubi ce, ko tana da katin hoto, aka ce bai tambaya ba, amma siririya ce ƙwarai. Kawu, ina gaishe ka, ina kuma ganin girmanka, kai ka kai ni makaranta ranar farko. Amma wannan karon ko a gaban wa ne zan yi magana. Na gaya wa Baba haka jiya, na zaci zai ce in bari. Sai ya tambaye ni ko masu shago suna yarda a gwada. Ya ce shi bai taɓa karɓar mota bai hau da ita tudu da kaya ba, bai san dalilin da ya sa ya yarda aka yi masa haka a kan wannan ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar kamar haka. Za a ɗauki gawar daga gida zuwa shagon mai gyara, inda za a cire ma'ajiyarta a damƙa wa Baba a hannu. Fuskarta da madannanta an bayar da su ga duk wata 'yar uwarta mai buƙata. Sauran za a miƙa wa masu karɓar matattun kayan lantarki, ba za a jefa ta a bola ba, ba kuma za a ajiye ta a saman kabad shekara goma ana cewa wata rana za a gyara ba. Ba za a yi zaman makoki ba. Mai son yi mana ta'aziyya ya koma gida ya ɗaga tasa daga kan katifa, ya kai a share mata fanka.

Daga wurin mai gyara za a wuce kai tsaye shagon kwamfutar da Kawu ya gano tasa. Na riga na yi magana da mai shagon, ya yarda. Za a jera ta Kawu da wadda na zaɓa a teburi ɗaya, a rufe lambobin jikinsu da takarda, a ɗaura sitiyari. Baba zai ja kaya cikakku a kan kowacce na minti arba'in, da hawa da ruwan sama, sannan ya dafa gefenta ya ji zafin jikinta. Wadda ya ce ita ce, ita za a naɗe, ko da ba tawa ba ce, ni kuma ba zan ƙara ko kalma ba. An ba Kawu aikin riƙe feda. An ba Yaya aikin ɗaukar sitiyari, kuma ba a yarda ya zo da gora ba.

Na ce a tashi ƙarfe tara, tunda shago ba ya buɗewa kafin nan. Baba ya ce ƙarfe bakwai, ya kuma sa Umma ta fito masa da takalminsa na tuƙi. Wanda ya makara ya same mu a can.