Kiban da sunka taru a kaina

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa ba. Shekarar da ruwa ya ci shinkafar Dundaye ce, bayan auren jikata Asabe, wata Malama Rifkatu ta zo Gawon Nama da ƙatuwar takarda. Kamfaninsu za shi gina wa mai niƙanmu Mamman tsarin kama layi ta waya, amma sai ta fara zana abin da ke cikin kanmu. Ta tara mu mata nan wurin niƙan. Ni, da nike da benci na kaina bakin injin, aka sa gaba.

Aikin nata sauƙi gare shi. Ka faɗi damuwa, ta zana da'ira. Ta ce, "Mi ke kawo ta?" Ka faɗa, ta ja kibiya.

Tuwo na latti. Mi ke kawo shi? Niƙa na daɗewa. Mi ke kawo shi? Ana yawan kashe inji. Mi ke kawo shi? Nan mata sunka dubi juna. Can wata cikinsu, Ladi, ta dubi ƙasa ta ce, "Wata babba ce. In ta zo gaisuwa, dole Mamman shi kashe, kar shi yi mata ƙara bisa magana."

(Ku da kun san garinmu, ba a kama sunan babba a gabanta. Ni ɗai na mance.)

Na gyara zama. Na ce, "Malama, ja kibiya! Irin waɗanga tsofaffin ba su da aikin yi. Ƙara wata: ita ka sa gari shi yi tsami. Ƙara wata: ita ka sa maza faɗa." Da'irar ta cika da kibau har ba wuri. Na kawo labarin wata irinta da na sani a Arkilla, tun daga kakanninta.

Ina tsakiyar labarin sai na ji shiru. Mamman ya kashe inji, ya rusuna yana jira in ƙare. Kwanoni jere har bakin titi.

Rifkatu, baiwar Allah, ta ce, "Mama, to mi za mu yi da babbar nan?"

Na ce, "Ɗiyata, a bar mata bencinta dai."

An bar shi. Sai dai yanzu waya ka kiran kowa in layinta ya zo, ba mai zama. Mamman na nan, Ladi na nan, suna gaishe ni da hannu, inji na ruri.

In kun ji taro na zagin "wata babba", ku fara duba ko akwai wadda ta girme ku a wurin.