Rasuwar Allon Bango Mai Gida Biyar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Oga mai gyaran rediyo da fanka yake sanar da 'yan uwa da masu kawo gyara rasuwar Allon Bango, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara ashirin da shida yana rataye a ƙusa ɗaya.

Marigayin mai rufin asiri ne. An raba shi gida biyar da alli: An Karɓa, An Buɗe, Ana Jiran Kaya, Ana Dubawa, An Gama. Bai taɓa tsegunta wa kowa kwana nawa aiki ya yi a gida ɗaya ba. In mai kaya ya shigo da masifa, Oga kan jingina da shi, hannun riga ya share kwanan wata, magana ta mutu. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa shi ne "ƙiiii", in alli ya yi gardama.

Ciwon ajali ya kama shi ne ranar da babbar 'yar Oga, wadda ta shekara goma tana gyara a teburin gefe, ta sa manhajar shago a kwamfuta. Kowane gidan allo zai zama mataki, manhajar kuma ta riƙa tura wa mai kaya saƙon inda aikinsa ya tsaya. Gida huɗu suka shiga lafiya lau. Da aka zo kan Ana Dubawa, ta nemi sanin abin da ake yi a wurin, da kwanakin da yake ci. Oga ya ce ana dubawa ne mana. Ta ƙirga ayyuka goma sha ɗaya a gidan, duk masu ƙananan noti da wayoyi sirara kamar gashi, wani ma tun bara. Oga ya hau yi wa wata fanka faɗa, alhali ba ta yi masa komai ba.

Ga abin da marigayin ya haɗiye shekara biyu: idon Oga ya daina ganin ƙananan abubuwa. Kunne dai yana nan, da jin kukan rediyo ya san ciwonta. Amma tsoro yake kada a gane, a ajiye masa kujera a ƙofar shago ya koma mai gaida masu wucewa.

Da aka zo sauke allon, ya suɓuce ya tsage biyu. Bai shura ba.

Ya bar guntun alli uku, tsumma ɗaya, ƙusar da ta riƙe shi, da wani fili a bango wanda ya fi sauran fenti haske.

Washegari Oga ya dake ya tambayi makomar gida na huɗu. 'Yar ta juyo masa kwamfutar. Ta riga ta ƙara girman rubutun, ba tare da ta faɗi dalili ba. Sabon matakin sunansa Kunnen Baba.

"Ba aikin da zai wuce sai ka saurare shi, Baba," in ji ta. "Kai ka faɗi ciwon, ni in sa hannu."

Oga ya share ƙwalla, ya ce ƙurar alli ce ta shiga masa ido.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a bayan shago, inda kafinta zai yanka marigayin ya yi kanta da shi. Oga ya roƙi a bar masa gida na huɗu. Masu ayyukan nan goma sha ɗaya kuwa su zo ta'aziyya da wuri, kowa da jakar ɗaukar kayansa. An gama dubawa.