Zakarun Gidan Tabawa

A wani gari da ake kira Sai-Da-Safe, mutane sun yarda cewa carar zakara ce ke jawo rana daga gabas. Don haka duk zakaran da ya taɓa buɗe baki ya yi cara, wuƙa ta haramta a wuyansa, kuma Majalisar Akurki za ta ba shi muƙami. Idan aka yi baƙo, kaza ake yankawa, tunda ita ba ta san komai ba sai ƙwai.

Akwai wata tsohuwa a bayan kasuwa, Tabawa, mai sayar da dafaffen ƙwai. A tsakar gidanta akwai zakara mai muƙamin Sarkin Cara, yana kwana kan katanga. Ƙasa da shi Magajin Turmi, sai Wakilin Dusa, sai Mai Taya Wakili Kallon Dusa, sai wasu samari da zankonsu bai gama tsayawa ba amma an riga an naɗa su. Idan ta watsa tsaba, Sarki ya ci, ya tsattsagi Magaji, Magaji ya tsattsagi Wakili, haka sara ke gangarowa har ya sauka kan kaza ɗaya tilo da ta rage, 'Yar Ja. Wannan ya hau ta, wancan ya kore shi ya hau. Bayanta ya zama sanƙo, ƙwai ya ɗauke, tukunyar Tabawa ta bushe.

Tabawa ta je wurin shugaban majalisa, Alhaji Gambo Na-Inuwa, ta durƙusa, ta roƙi a bar ta ta yanka ko rabinsu.

"Inna, so kike gari ya ƙi wayewa?"

"Ranka ya daɗe, da zakara ɗaya na fara, kuma rana ba ta taɓa makara ba."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce wancan zamanin rana ƙarama ce.

Majalisa ta zo da kanta, da tabarmi da mai kiɗa. Aka fara da umartar zakara mafi ƙanƙantar muƙami ya hau gurbi ya yi ƙwai. Ya hau, ya zauna da natsuwa, ya sauko ba komai, aka yaba masa, aka ƙara masa girma. Daga nan suka zauna kallon damben zakarun har la'asar, suna tafi, har wani dattijo ya gano bakin zaren: duk faɗan nan a kan 'Yar Ja ake yi. Ita ce fitinar.

Tabawa ta ce ita ce fa abincinta. Aka ce zaman lafiya ya fi abinci, aka aika a sayo yaji. Sun ce naman 'Yar Ja ya yi tauri, amma sun cinye. Kafin su tashi suka ba Tabawa kyautar sabon zakara, da muƙaminsa.

Da safe aka yi cara, rana ta fito, gari ya yi ta barka. Kafin hantsi Magaji ya cire wa Wakili ido.

Majalisa ta dawo neman musabbabi. Suka bi tsakar gida da kallo: masu muƙami ne ko'ina, ba wanda za a taɓa. Sai suka lura duk zakarun wuri ɗaya suke rugawa suna sarar juna, wato wajen ƙafafun Tabawa, wadda ke tsaye da ƙwaryar tsaba a hannu.

Alhaji Gambo ya daɗe yana dubanta.

"Inna," ya ce a hankali, "ke kin taɓa yin cara?"